Hedifon HD 600 ko DT 770 Pro: wanne ya fi dacewa da mai zaman awa shida yana sauraro a lokacin zafi?

Bakatsine ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Na daɗe ina bibiyar muhawarorin da ake tafkawa a wannan zaure ba tare da na sa baki ba, amma yau buƙata ce ta fito da ni, kuma ina roƙon masana abin su yi haƙuri da tsawon bayanina.

Sana'ata ita ce mayar da hirarrakin da aka naɗa zuwa rubutu, wani lokaci kuma in fassara su, don haka nakan shafe awa biyar zuwa shida a kullum da hedifon a kaina. Yawancin waɗanda nake saurare dattawa ne da aka naɗi muryarsu a zaure ko a bakin kasuwa, kuma a irin wannan aiki kuskuren jin dogon wasali ko karin sauti kaɗai ya isa ya mayar da kalma ta zama wata daban. Idan na tashi daga aiki, da hedifon ɗin nake sauraron karatun Alƙur'ani da kiɗan gargajiya, musamman na kalangu da gurmi da goge.

Wanda ke hannuna yanzu mai rufaffen baya ne, kushinsa na fatar roba, kuma ya shekara huɗu yana yi mini aiki. Zafi ne ya raba mu. Daga watan Maris zuwa Mayu ba na iya wuce minti arba'in ban cire shi na share gumi ba, kushin ɗin ma ya fara ɓarewa yana bar mini baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan riga. Ga shi kuma ina sa tabarau, ƙafafunsa na nutsewa a bayan kunnena har wurin ya yi tsami.

Ƙanena zai dawo daga Jamus bayan Sallah, kuma ya ce in zaɓi guda ɗaya ya taho mini da shi. Karance-karancena sun tsaya a kan biyu, wato Sennheiser HD 600 da Beyerdynamic DT 770 Pro, amma a nan babu inda zan je in ɗora su a kaina kafin a biya kuɗi. Ina son waɗanda suka zauna da su na tsawon lokaci su gaya mini wanne ya fi fito da muryar mutum, wanne kuma ya fi sauƙin zama a kai idan rana ta take. Da kwamfutar tafi-da-gidanka nake aiki, ba ni da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. A ɗakina akwai fanka, maƙwabcina kuma yakan tayar da janareta da maraice idan an ɗauke wuta. Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Bakatsine. Tambayarka ta faranta mini rai, domin ka faɗi aikinka da yanayin ɗakinka, alhali yawancin masu tambaya sunan na'ura kawai suke jefo mana su ce a zaɓa musu. Na yi aikin ɗakin naɗar sauti a gidan rediyo har na yi ritaya, kuma duka biyun da ka ambata sun daɗe a kaina.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne ba iri ɗaya ba ne, ko da yake dukansu asalinsu daga kamfanonin Jamus ne. HD 600 mai buɗaɗɗen baya ne, raga ce kawai a bayan lasifikarsa, iska na shiga tana fita, sauti ma haka. Kamfanin Sennheiser ne ya fara fito da irin wannan ƙira a 1968 da samfurinsa na HD 414, shi kuwa HD 600 ya fito a 1997, kuma har yau ana ƙera shi ba tare da an taɓa asalin sautinsa ba. DT 770 Pro kuwa ƙoƙo ne rufaffe, an yi shi ne domin mai waƙa ko mai gabatar da shiri da ke gaban makirufo, wanda ba a son abin da yake ji ya tsiyaya ya koma cikin abin da ake naɗa.

Idan batun muryar ɗan'adam ake yi, ni dai ban ji hedifon da ya kai HD 600 a farashinsa ba, kuma na ji waɗanda suka ninka shi kuɗi sau uku ba su kamo shi ba. Murya tana zaune ne a tsakiyar sauti, kuma a nan ne aka fi daidaita shi: ba ya kumbura ta, ba ya tura ta baya, ba ya sa mata hanci. Za ka ji bambancin ka da ƙa, da na da da ɗa, ba tare da ka mayar da naɗin baya sau uku ba, kuma a karatun Alƙur'ani za ka ji gunna da madda kamar makarancin yana zaune a gabanka. Goge da gurmi ma a wannan yanki suke, kalangu kuwa, tunda maganar mutum yake kwaikwayo, yawancin amonsa bai yi nisa da inda murya take ba. Inda ya gaza shi ne can ƙasa: daga wajen 100 Hz (Hz ma'aunin zangon sauti ne) zuwa ƙasa kaurin sautinsa yana raguwa a hankali, saboda haka mai son ya ji dukan babbar ganga har cikin ƙirjinsa, ko mai sauraron kiɗan zamani na kwamfuta, zai ce abin ba shi da nauyi. Haka kuma ba ya shimfiɗa sauti da faɗi, makaɗan suna kusa da kai ne, kamar kuna ɗaki ɗaya.

DT 770 Pro akasin haka ne. Yana da kauri a ƙasa, yana da kaifi a sama, tsakiyar kuma ta ɗan ja baya. Wannan kaifi sanannen abu ne a hedifon ɗin Beyerdynamic, kuma ma'aunai suna nuna tudu a saman zangon sauti, kusa da inda haruffan sa da sha da tsa suke fita. Ga injiniya wannan alheri ne, domin yana tona duk wani shuuu da ƙaraf da ke ɓoye a cikin naɗi. Ga wanda zai saurari Hausa awa shida kuwa, harshen da tsa ta yi yawa a cikinsa, kuma daga naɗin da aka yi da ƙaramar na'ura a kasuwa, ina jin tsoron kunne zai gaji tun kafin azahar.

Batun zama a kai kuma, nauyinsu kusan ɗaya ne, HD 600 giram 260, DT 770 Pro giram 270, kuma kushin HD 600 na karammiski ne, wanda ba ya ɓarewa kamar fatar roba. Sai dai in gargaɗe ka cewa sabon HD 600 yana matse kai sosai a makonnin farko. Maganin da masu shi suka sani shi ne a zaro ƙarfen da ke gefe biyu har ƙarshe, a ɗan tanƙwara shi waje a hankali. Kada a kuskura a ja robar da ke saman kai, domin ita ce ke karyewa. Zafi kuwa babu gasa a tsakaninsu: wanda iska ke ratsawa ya fi sanyi nesa ba kusa ba. Da ni ne, HD 600 zan ce a kawo mini.

Uwar Biyu ta rubuta:

Baba Injiniya, da girman kujerarka, ban ƙi ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa game da sauti ba, amma ina ganin ka tsallake jimla biyu na ƙarshen bayanin Malam, kuma a wurina su ne suka fi komai nauyi. Ya ce akwai fanka a ɗakinsa, akwai kuma janaretan maƙwabci. Kai a ɗakin naɗar sauti ka saba da HD 600, inda aka liƙe bango da soso aka kuma sa na'urar sanyaya ɗaki. Mai buɗaɗɗen baya ba ya tare komai, duk abin da ke ɗakin zai shigo ya zauna tare da muryar dattijon da ake saurare, kuma ƙugin janareta yana cinye daidai kaurin da ka ce dama HD 600 ba shi da shi da yawa.

Ni ina aikin tace sautin darussa daga gida, yara biyu suna kai-komo a tsakar gida, kuma DT 770 Pro mai ohm 80 (ohm ma'aunin turjiyar lantarki ne a cikin hedifon) nake amfani da shi shekara uku ke nan. Abin da na lura da shi tun kafin in saye shi, lokacin da nake aron wani buɗaɗɗe, shi ne hannuna yakan tafi wajen ƙara murya ba tare da na sani ba duk lokacin da hayaniya ta tashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sana'a irin ta Malam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa babba kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu, wato a desibel 83 awa 20 ne kawai. Mai awa shida a rana, kwana shida a mako, ya riga ya ci awa 36 kafin ya kunna kiɗan hutawa. Saboda haka hedifon da zai bar shi ya yi aiki da ƙaramar murya yana da wata daraja da ba a gani a jadawalin ma'auni.

Kaifin da Baba ya ambata gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Amma abu ne da ake gyarawa kyauta. A kwamfuta mai Windows akwai manhajar Equalizer APO, da ita na rage saman zangon kaɗan, tun daga ranar kuma tsa ta daina sukar kunnena. Hayaniyar waje kuwa babu manhajar da za ta tare wa mai buɗaɗɗen baya ita.

Game da tabarau, Malam, ni ma ina sawa, ga kuma ɗankwali da ke ƙara kauri a bayan kunne. Ƙoƙon DT 770 Pro zagayayye ne mai faɗi, kunne yana shigewa ciki gaba ɗaya, karammiskin kuma yana lotsawa ya ba ƙafar tabarau wuri. Sai dai a kula wajen saye, domin iri uku ne: mai ohm 80 da mai ohm 250 su ne masu kushin karammiski, mai ohm 32 kuwa da kushin fatar roba yake zuwa, wato abin da kake gudu ke nan. Mai 250 kebul ɗinsa naɗaɗɗe ne, mai 80 kuma miƙaƙƙe mai tsawon mita uku, kuma a dukansu kebul ɗin ba ya cirewa. Ba zan ce maka ba ya zafi ba. Rufaffe rufaffe ne, a watan Afrilu nakan cire shi duk bayan awa ɗaya in sha iska, amma zafin karammiski ɗumi ne kawai, ba irin jiƙewar nan ta fatar roba ba. Nakan kuma ɓalle kushin lokaci-lokaci in wanke shi da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu in shanya a inuwa, musamman bayan ƙurar hunturu.

Ɗan Damagaram ya rubuta:

Gaisuwa ga Baba da Hajiya da mai tambaya. Ni ra'ayina ya fi karkata ga hedifon masu shimfiɗaɗɗen fallen da ke rawa tsakanin maganaɗisu, irin su HiFiMan Sundara, domin suna sauka can ƙasa ba tare da kaurin ya dusashe ba, ga kuma faɗin sauti da HD 600 ba shi da shi. Amma ba zan ba Malam shawarar sa ba, kuma dalilin shi ne abin da nake so in ƙara a wannan tattaunawa. Sundara giram 372 ne, wasu na kamfanin Audeze ma sun haura giram 600. A minti goma na farko wannan bambanci ba ya nuna kansa, sai an shiga awa ta uku wuya yake fara ba da labari. Yawancin masu yabon irin waɗannan na'urori awa ɗaya suke zama da su da daddare, a ƙasashen da ake neman ɗumi, shi ya sa ba kasafai za ka ji sun yi maganar gumi ba.

Akwai kuma abin da ya sa ban cika damuwa da gardamar wane ya fi wane sauti ba. Masu bincike a kamfanin Harman, ƙarƙashin jagorancin Sean Olive, sun shafe shekaru suna gwada mutane ba tare da sun san wane hedifon suke ji ba, suka fitar da wani tsarin sauti da akasarin masu sauraro suka fi so, suka fara wallafa shi a 2013, suka kuma sabunta shi a 2018. Idan aka ɗora ma'aunin HD 600 a kan wannan tsari, tsakiyarsa tana bin sa kusa da kusa, ƙasansa ne ya gaza, wato dai abin da kunnen Baba ya gaya masa tun kafin a zana jadawali. Ma'anar wannan ita ce da manhajar da Hajiya ta ambata ana iya ƙara wa HD 600 kauri, ana iya rage wa DT 770 Pro kaifi, su matso kusa da juna. Nauyi da matsi da zafi da tare hayaniya kuwa yadda aka ƙera su haka za su zauna, saboda haka a kansu ya kamata a yi zaɓi.

Idan rufaffe za a saya, a duba AKG K371 ma, wanda aka daidaita shi bisa wancan tsari na Harman kuma ohm 32 ne, kowace waya tana iya tuƙa shi. Matsalarsa ga Malam ita ce kushinsa ba karammiski ba ne, kuma kaurinsa ya dogara ga kushin ya manne da fata sosai, ƙafar tabarau mai kauri tana buɗe ƙofa kaurin ya zube.

Tsohon Injiniya ya sake rubutawa:

Hajiya, kin kama ni, kuma na karɓa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ɗakin da na saba da shi ba ya yoyo, shi ya sa na yi wa janareta kallon ƙaramin abu. Amma zan tsaya a kan rabin maganata. Fanka ba janareta ba ce. Ƙarar fankar sama da ke juyawa a hankali ba ta hana jin murya a HD 600, matuƙar ba a saita iskar tana bugun ragar kai tsaye ba, kuma Malam ya ce da maraice ne ake tayar da injin. Idan mafi yawan aikinsa da safe ne zuwa la'asar, to lokacin zafin ne ya fi tsawo, ba lokacin ƙarar ba. Shi ne zai auna wannan, ba mu ba.

Na kuma manta ban amsa batun amfilifaya ba. HD 600 ohm 300 ne, yana buƙatar ƙarfin lantarki fiye da irin hedifon da aka yi domin waya. Wasu kwamfutoci suna tuƙa shi daidai gwargwado, wasu kuma sai an kai murya ƙarshe sannan a ji abin kirki. Ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba, ƙaramar amfilifaya da ake soka wa a kafar USB ta wadatar, musamman ga magana da ba a son ta da ƙarfi. Sai dai tunda daga Jamus za a yi sayayya, a sani cewa ɗan ƙaramin mahaɗin nan na Apple mai haɗa hedifon da kafar USB, da mutane ke yabo, wanda ake sayarwa a Turai ƙarfinsa kusan rabin na Amurka ne, saboda haka kada a dogara da shi ga mai ohm 300. Kuma ko wanne aka zaɓa, a haɗo da kushi na asali guda biyu na ajiya. Kushin HD 600 yana lotsewa da amfani, gumi kuma yana gaggauta hakan, idan ya lotse lasifikar tana matsowa kusa da kunne, sautin ya dusashe, mutum ya ɗauka na'urar ce ta tsufa. A HD 600, kushi da kebul da matashin saman kai duk ana cire su da hannu a sauya, wannan ne ya sa ake samun waɗanda suka shekara ashirin da nasu.

Bakatsine ya sake rubutawa:

Baba, Hajiya, da ɗan'uwa na Damagaram, Allah Ya ƙara ilimi, Ya saka muku da mafificin alheri. Na bi shawarar Baba na auna da kaina. Kwana uku na yi ina rubuta lokacin da nake zama da lokacin da injin maƙwabcina ke tashi, sai na tarar cewa cikin awa shida, abin da ke haɗuwa da ƙarar bai wuce awa ɗaya da rabi ba, sauran duk a cikin zafi ne da fanka kawai. Saboda haka na gaya wa ƙanena ya sayo HD 600 da kushi biyu na ajiya da ƙaramar amfilifaya ta USB.

Amma maganar Hajiya ta desibel ta tsaya mini a rai, domin na gane cewa ni ma hannuna yana zuwa wajen ƙara murya da zarar injin ya tashi, ko da rufaffen da nake da shi yanzu. Na fasa jefar da tsohon. Zan nemo masa sabon kushi in ajiye shi domin maraice, in kuma mayar da naɗin da suka fi wahalar ji zuwa safiya, lokacin da unguwa take shiru.

Saura tambaya ɗaya, Baba. Ni ba na zama ba hula, kuma hulata ƙube ce mai ɗan tsayi. Shin ƙarfen gefen HD 600 yana zaruwa har ya haye hula ba tare da ƙoƙon ya ɗage daga kunne ba, ko kuwa sai dai in riƙa cire ta idan zan fara aiki?

Tsohon Injiniya ya amsa:

Cire ta za ka yi, Malam, ko ka koma ƙaramar hula mai kwanciya a kai. Ƙarfen yana zaruwa, amma ƙube za ta ɗaga matashin saman, nauyin ya koma kan muƙamuƙi, hular kuma ta lotse a tsakiya kafin mako ya zagayo. A gidan rediyo akwai ƙusa da muka kafa a bayan ƙofar ɗakin naɗi domin wannan kawai, kowa ya shigo sai ya rataye hularsa a nan kafin ya zauna gaban makirufo.